Ƙulli Goma a Igiyar Rijiya

Bayan girbin bana na bi ta bayan tsohuwar lakol ɗinmu, wato makarantarmu, a Gidan Rumji, na tarar an jibge yashi da tubalin siminti a kan ɗan abin da ya rage na filin gudu. Na tambayi maginin da ke wurin, ya ce azuzuwa za a ƙara, da rumfar ajiye babura. Na yi masa sannu da aiki na wuce. Dama tun kafin damina ɗan mutumin da ya kafa makarantar, wanda yake riƙe da ita yanzu, ya aiko mini da takarda cewa suna so tsofaffin ɗalibai su rubuta abin da suka tuna, a haɗa a yi ɗan littafin tarihi. Na amsa da "to", kamar yadda na saba amsa wa mutane, na sa takardar cikin aljihun wata riga da ba na sawa. Abin da na fi tunawa ba irin wanda ake so a littafin biki ba ne, kuma ban tabbata ni kaɗai nake da ikon faɗarsa ba. Saboda haka ba zan kama sunan kowa ba, sai dai sunayen da muke kiran juna da su a lokacin. In na yi kuskure a wani wuri, tsufa ne, ba ganganci ba.

Wanda ya kafa lakol ɗin tsohon malamin gwamnati ne, mu dai Direkta muke ce masa. Ya gaji da ganin yaran da suka faɗi jarrabawar shiga kolejin gwamnati suna komawa gona, shi ne ya gina ɗakuna uku na laka a bakin gari, ya kewaye wani da zana, ya ce duk uban da zai iya ya kawo ɗansa. Ba a kwana a ciki. Ƴan gari su zo daga gidajensu, mu na ƙauye kowa da gidan da aka sauke shi, wajen kawu ko wajen abokin uba. Wani tsohon ƙarfen ƙafar mota ne ƙararrawarmu, an rataye shi a reshen bedi, in aka buga shi da safe har matan da ke daka a unguwar maƙera suna ji. Kafin a shiga aji sai mun share tsakar makaranta, mun ja ruwa a rijiya mun cika randuna, ƴan mata sun yayyafa wa ƙasan azuzuwa ruwa. Har yau in na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da safe sai in ji kamar za a ce a fito da kaye, littafin rubutunmu, a yi dikte, wato shifta. A gari kuwa ba a kiran makarantar da sunanta. "Lakol ɗin waɗanda sunka hwaɗi" ake ce mata, a gabanmu, ba tare da mugun nufi ba, kamar yadda ake cewa unguwar mahauta. Yau an zagaye ta da katanga mai fenti, akwai mai gadi a ƙofa, ana kawo yara a mota da babur, iyaye daga Tibiri har Agiye suna neman gurbi don an ce ɗalibanta ba sa faɗuwa birebe, jarrabawar gama koleji, kuma suna wucewa lise, babbar sakandare, har jami'a. Na yi murna da haka, ba na cewa zamaninmu ya fi. Abin da nake cewa kawai, yaran yanzu ba su san nauyin wancan suna ba, don haka da wuya su gane abin da gudu ya zame mana.

Direkta yakan ce mana, in mutane sun ƙi ganinmu a takarda, za su gan mu a fili. Filin kuwa ba namu ba ne. Gonar wani dattijo ce maƙwabcin makaranta, yana ara mana ita daga an kwashe hatsi har zuwa lokacin sharar gona. Duk shekara sai mun sake mai da ita fili. Mu tumɓuke tushiya da hauya, mu tara mu ƙone, sannan mu ɗaura tsofaffin buhuna a igiya mu riƙa ja a ƙasa don su kwashe ƙarangiya, mu zauna mu cire ta daga buhun da yatsu, mu sake ja. Kowa ya zo da kwanon toka daga murhun gidan da yake zaune, da ita ake zana layi. Akwai matar da ta taɓa biyo ɗanta har makaranta tana faɗa, wai ya kwashe mata tokar da ta ajiye don miya. Ba mai takalmi a cikinmu. Sautin da na fi tunawa shi ne na tafin ƙafa a kan yashi mai sanyi da hantsi bai riga ya gasa ba, da usur ɗin malamin wasanni, da tarin wanda ya gama gudu ya dafa gwiwa. Yanzu na ga yaran suna motsa jiki a kan daɓen siminti, cikin fararen takalma, a jere, a natse. Wataƙila hakan ya fi lafiya ga ƙafa.

Malamin wasanni gajere ne mai faɗin ƙirji, an ce ya taɓa aikin soja. Mushe kawai muke ce masa, yadda ake kiran kowane malami a lakol. Kullum da agogon auna gudu a wuyansa, wanda yake kira kurono, a rataye da igiyar takalmi, ba ya bari kowa ya taɓa shi. A shekararmu ta uku ya ce ya gaji da gudun daga bedi zuwa gawo, yana son zagaye na ƙa'ida, metir ɗari huɗu, irin na manyan garuruwa. Makaranta ba ta da abin awo mai tsawo. Abin da muke da shi katakon metir ɗaya ne da ake ja layi da shi a allo, da wata tsohuwar igiyar rijiya da aka daina ja da ita. Ni ne na fi kowa maki a lissafi, har Direkta yake ce mini ɗan lissafi, sunan ya bi ni. Mushe ya miƙo mini igiyar da katakon ya ce in auna metir goma in yi ƙulli a kowane metir, shi zai je ya kafa turaku. Na zauna a inuwar bedi ina jin kaina wani babba. Na yi ƙulli a bakin igiyar na ce ɗaya. Na aza katako, na ƙulla, na ce biyu. Haka har na ce goma, na yanke ragowar. Sau arba'in muka ja igiyar nan a gonar, Mushe yana gyara lanƙwasa da ƙafarsa, ƴan mata suna bin mu da toka. Da muka gama ya dafa kaina a gaban kowa ya ce da a ce duk aji irina ne da ya huta.

A ajinmu akwai wani yaro dogo siriri da muke kira Zalɓe saboda ƙafafunsa. A karatu ba shi da ƙarfi, ya maimaita aji sau ɗaya, kuma in malami ya kira shi allo sai ya tsaya yana murza alli har ya zama gari. Amma in ya shiga fili sai ka rantse ba ya taka ƙasa. Gudunsa na metir dubu da ɗari biyar ne, wato zagaye huɗu ba kwata. Tare da shi kullum akwai taubashinsa, ɗan wan uwarsa, wanda aka kawo daga Cadakori aka sauke shi a gidansu Zalɓe, tabarma ɗaya suke kwana. Shi wannan Radiyo muke ce masa, don bakinsa ba ya mutuwa. Yana kwaikwayon tafiyar Direkta, yana kwaikwayon yadda Mushe ke kumbura kumatu kafin ya busa usur, ko malaman kan juya baya su yi dariya. Tsakaninsa da Zalɓe kuwa wasan taubasai ne ba dare ba rana, kowanne yana cewa ɗayan bawansa ne. Radiyo ba ya gudu ko kaɗan, amma shi ke riƙe wa Zalɓe riga da goran ruwa, shi ke cire masa ƙaya a ƙafa da allura yana zaginsa.

A kan sabon zagayen nan Zalɓe ya yi wani lokaci da ya sa Mushe ya girgiza kurono, ya kai shi kunne, ya sa aka sake gudun bayan kwana biyu. Lokacin ya sake fitowa kusan haka. Mushe ya ce a iya saninsa ba a taɓa jin ɗan koleji a duk yankin Maraɗi ya yi haka ba. Direkta ya sa aka rubuta lambar lokacin da jan fenti a bangon buronsa, wato ofishinsa, da sunan Zalɓe a sama. Mutanen gari suka fara zuwa kallon gudu ranar Alhamis da yamma, dattijon mai gona yana zama a gaba a kan buzunsa kamar shi ya haifi filin. Na lura, ko kuma ina jin na lura, an rage kiran makarantar da wancan suna. Uban Zalɓe ya riga ya yanke cewa ya isa haka, yaron ya fito ya kama noma da kiwo. Direkta ya taka har gidansa ya roƙe shi ya ƙara masa shekara ɗaya. Ya ce akwai gasar makarantu a Maraɗi, waɗanda suka zo na ɗaya da na biyu ana wucewa da su Yamai, daga can kuma ana ɗaukar irinsu a koya musu aikin malamin wasanni. Uban ya ce ya ji, shekara ɗaya, in ba a wuce da shi ba kada a sake zuwa masa da maganar lakol.

Da aka sake girbi aka zo sabunta fili, ni aka aika in ɗauko igiyar daga ƙusar da take rataye a buron Direkta. Na riga sauran isa gona. Na shimfiɗa ta a ƙasa, don rashin abin yi na shiga taka tsakanin ƙulli da ƙulli ina ƙirgawa. Tara na samu. Na koma na sake, tara. Na ƙirga ƙullin, goma ne cif. Sai da na tsuguna na bi igiyar da yatsa kafin na gane abin da na yi: ƙullin farko da na kira ɗaya ba shi da komai a bayansa. Igiyar metir tara ce. Zagayen da muke kira ɗari huɗu, ɗari uku da sittin ne. Lambar da ke bangon Direkta ta gudun da ya gaza da metir ɗari da hamsin ce. Na ji muryoyin ƴan ajinmu suna tahowa da kwanonin toka, na miƙe na karkaɗe gwiwa. Tsofaffin turakun suna nan, mai gona bai cire su ba, muka bi su, aka zuba toka a inda take bara.

Na yi niyyar faɗa, wannan kam na tabbata. Sau uku ina zuwa ƙofar buron. A na ukun Direkta ya ɗago kai daga takardunsa ya gan ni.

"Mi ne ne, ɗan lissahi? Tun ɗazu kana tsaye kamar mai bikon mata."

"Ba komi, Mushe Direkta. Alli na zo ɗauka."

"To ɗauka. Ka ga lambag ga?" Ya nuna bango da alƙalami. "Da hannunka a ciki. Ku biyu za ku hid da mu kunya, shi da ƙahwa, kai da kai."

Na ɗauki allin na fita. A hanya na riƙa shirya wa kaina dalilai, kuma na iya shirya dalilai tun ina yaro. Na ce ai Zalɓe ya fi kowa gudu ko da awo ko babu. Na ce a Maraɗi da mutane zai yi tsere, ba da bango ba. Na ce in na faɗa yanzu zan karya masa zuciya ana saura wata guda, gara in bari a dawo. Gaskiyar da ke ƙarƙashin duk wannan, ina jin, ita ce ina tsoron ranar da Mushe zai tsayar da ni a gaban makaranta, da yadda gari zai ce lakol ɗin waɗanda suka faɗi ko ƙirga goma ba su iya ba.

Ranar tafiya wani ɗan kasuwa ya ba da babbar motarsa ta ɗaukar hatsi. Muka taru a ƙofar makaranta da sassafe, har da iyaye. Uwar Zalɓe ta kawo masa fura a ƙwarya. Radiyo ya tsinko ganyen kaba a bakin hanya, ya tsaya a gaban taubashinsa yana ƙulla shi a hankali, yana motsa baki kamar mai tofi.

"Mi kake yi, bawa?" in ji Zalɓe.

"Ƙulle ka nike. In ka tahi Yamai wa za shi ɗebo mini ruwan wanka? Wa za shi wanke mini wando?"

"Wandon da ba ka da shi?"

"Ka ga, ƙulli guda na ƙahwad dama. Ga na hagu. Ba inda za ka, ɗan gwaggo. Nan za ka tsuhwa kana yi mini bauta."

Kowa ya yi dariya. Uwar Zalɓe ta kai masa duka da mayafi tana cewa ɗan banza, baki kamar na ubansa. Radiyo ya cusa ganyen a aljihu, ya ɗauki goran ruwa, muka hau mota.

Filin Maraɗi ya yi mini girma tun daga ƙofa, amma na ce wa kaina idona ne. Da aka busa usur, Zalɓe ya fita gaba kamar yadda ya saba. Kafin a gama zagayen farko ya ba na bayansa tazara mai kyau, da an bar shi haka ban ga wanda zai kama shi ba, ko da yake Allah ne masani. Mushe yana bakin layi da kurono a hannu. A gida ya saba gaya masa a kowane zagaye ko yana kan lokacinsa. Ya duba agogon, na ga fuskarsa ta canja. Ya daka masa tsawa: "Kana baya! Ƙara!" Zalɓe ya waiga, bai ga kowa kusa ba, amma maganar Mushe ce, sai ya ƙara. Zagaye na biyu agogon ya sake cewa ya makara, Mushe ya bi shi a guje a gefen fili yana ihu. Ya sake ƙarawa. Ina tsaye a bayan Mushe, tsakanina da shi bai fi taku biyu ba. Na san abin da agogon yake faɗa, na san dalili, amma na tsaya ina kallo. A zagaye na uku ƙafafun nan dogaye suka fara haɗuwa da juna. A lanƙwasar ƙarshe ya zama kamar mai tafiya cikin ruwa, ya faɗi a kan gwiwa, ya tashi, ya sake faɗuwa. Yara biyar ko shida suka wuce shi. Radiyo ne ya fara isa wurinsa da goran ruwa. Abin da Zalɓe yake ta maimaitawa, muna ɗauke da shi, shi ne ƙafafunsa ba nasa ba ne, kamar an ɗaure su.

Ban san wanda ya fara haɗa wannan magana da ganyen kaba ba. Kafin kwana uku ta gama gari. Uwar Zalɓe, wadda ta yi dariya da safen nan, ta zazzage aljihun rigar ɗan wanta ta sami ganyen da ƙullinsa biyu. Radiyo ya rantse, ya yi kuka, ya ce wasa ne, kowa ya ga wasa ne. Aka ce to me ya sa bai yar ba. Aka tuno cewa shi ba ya gudu, kuma shi ke riƙe ruwan. Mushe ya ce shi bai yarda da irin wannan ba, amma ya ce kurono ba ya ƙarya, yaron da ya gani a Maraɗi ba shi ne na gida ba tun daga zagayen farko. Wannan magana ta Mushe ita ta fi komai yi wa Radiyo illa. Ubansa ya zo daga Cadakori ya tafi da shi, shi da ƙanwarsa, uwar Zalɓe, suka rabu a ƙofar gida ba sallama. Zalɓe bai dawo makaranta ba. Ni kuwa na ci birebe a shekarar da ta biyo, Direkta ya rungume ni.

Daga nan na wuce lise, na wuce jami'a, na yi aikin buro a Agiye da Gazawa har na gama. Abokan aiki sun san ni da duba takarda sau uku kafin in sa hannu, suna yi mini dariya a kai. Zalɓe ya yi noma, ya zama dillalin awaki ranar kasuwa, ya yi iyali. In na zo gari nakan biya in gaishe shi, mu yi hirar ruwa da farashin dabbobi. Wani lokaci yakan ce in na bi ta lakol in duba masa ko lambarsa tana nan. Tana nan, duk gyaran da aka yi sai an sabunta fentinta. Radiyo ya zama tela a Cadakori. Na ji sukan haɗu da Zalɓe a wurin jana'iza, su ba juna hannu ba tare da duban ido ba. Ƴaƴansu ba su san juna ba. Kowace shekara nakan ce bana zan faɗa, sai in ga kamar tono abin zai fi barinsa ciwo, kuma ai ban tabbata igiyar ce kaɗai dalili ba, akwai zafin rana, akwai baƙon fili. Daminar bara aka ce mini Radiyo ya rasu. Na aika da gaisuwa ta bakin wani.

Ranar da na ga tubalin nan ban koma gida ba, na zarce gidan Zalɓe. Na same shi a ƙofar gida a kan tabarma, ya miƙe ƙafafun da yanzu gwiwoyinsu suka kumbura, yana gyara wa wata akuya kofato.

"Yau wace rana, ɗan lissahi da tsakar rana? Ko an kore ka daga gida?"

Na zauna. Bayan gaisuwa na share ƙasa da tafin hannu, na ɗiga ɗigo goma a jere, na ce ya ƙirga mini tsakaninsu. Ya dube ni kamar na zautu, ya ƙirga da wuƙar hannunsa.

"Tara."

Na gaya masa sauran. Ban yi saurin da ya kamata ba, na yi ta kewaye, amma ya bar ni har na kai. Ya saki akuyar ta tafi.

"Yaushe ka gane?"

"Kahin mu tahi Maraɗi."

"Da kwana nawa?"

"Kamar wata guda. Amma ka san, wataƙila ba shi kaɗai ba ne, ranan nan akwai zahi, kuma..."

"Aje wataƙilarka." Bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana kallon ɗigon. "Uwata ta mutu ba ta sake taka gidan wanta ba."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Ji ka yi." Ya goge wuƙar a gefen tabarma. "Jibi ka zo da sahe. Cadakori za mu. Kai za ka yi magana, ni ban san ta inda zan kama ba."

Muka tafi a motar kasuwa. Babban ɗan marigayin, magidanci mai furfura a gemu, muka samu a kan keken ɗinkin ubansa a zaure. Ya san ko wane ne Zalɓe da aka faɗa masa, ya tashi ya shimfiɗa mana tabarma cikin ladabi mai sanyi, ya shiga ya kira uwarsa. Tsohuwar ta zauna a bakin ƙofar ciki. Na sake ɗiga ɗigona a ƙasa, na sake bayani. Ɗan ya gane tun kafin in gama, ya sunkuyar da kai. Ita ban ga alamar maganar metir ta shige ta ba. Sai Zalɓe ya gyara murya.

"Gahwara na zo nema, ko da na makara. Radiyo bai yi mini komi ba."

Ta dubi ɗanta, ta dube mu. "Wane ne Radiyo?"

"Maigidanki. Haka muke ce mishi a lakol, don surutu da ban dariya."

"Malam?" Ashe haka ita take kiransa. "Ko dai wani kuke nuhi? Ni tun da anka kawo ni gidan ga ban taɓa jin ya yi ma wani wasa ba. Jikokinshi ma, su zo su ja mishi gemu su ce angon kaka, sai dai shi ce Allah shi yi albarka. Na taɓa tambaya tai, ina amarya. Ya ce in bar shi, bakinshi ba shi da kyau, ya taɓa karya ɗan'uwanshi da shi."

Wata yarinya ta kawo fura ta ajiye a gabanmu, Zalɓe ya ɗauki ludayin ya riƙe bai kai baki ba. Can ɗan marigayin ya matso, ya rage murya kamar mai jin kunyar abin da zai roƙa.

"Baba, tun da kun san shi haka, ku ba mu ko guda cikin maganganun da yake yi. In samu abin da zan hwaɗa ma yara."

Na dubi Zalɓe, ya dube ni. Na tuna dariyar, na tuna yadda muke riƙe ciki muna faɗuwa a kan yashi, amma kalmomin sun tafi. Guda ɗaya ce ta rage mini daga farko har ƙarshe, ta ranar ganyen kaba, kuma na ga a fuskar Zalɓe shi ma ita ce ta rage masa. Mutumin yana ta jira, hannunsa a kan keken ɗinki.